Safo ko Kafafi: waƙar wa za ka ɗora wa kiɗan kwamfuta?

Ƙanina yana da wata tsohuwar laftof da fankarta ke kuka kamar injin markaɗe, da ƙaramin fiyano mai madannai 25, da makirufo ɗaya da ya sanya wa safa don ta tare iskar baki. Da waɗannan yake haɗa kiɗa a ɗakinsa, irin kiɗan lantarkin nan na masu cin gashin kansu da ake kira indi: kai ne mawaƙi, kai ne makaɗi, kai ne furodusa, kai za ka ɗora a Bandcamp ko Audiomack ka zauna jiran masu saurare. Da damina ya zo mini da shawara. Yana so ya fitar da ɗan kundi mai waƙa biyar daga fassarar waƙoƙin Girkawa, da Hausa, amma ya tsaya cik tsakanin mutum biyu, Safo da Kafafi. Ya ce, "Yaya, wanne zan ɗauka?" Na ce ya ba ni mako biyu. Sai da muka ci wata guda muna gwaje-gwaje.

Duk da ana kiransu Girkawa, tsakaninsu akwai shekara kusan 2,500, kuma harshen da suka yi waƙa da shi ba ɗaya ba ne a kunne. Safo 'yar tsibirin Lesbos ce, ta rayu wajen 630 zuwa 570 kafin miladiyya. Don rerawa ta yi waƙoƙinta, da wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi. Daga baya malaman birnin Iskandariya na Masar suka tattara su cikin littattafai, ana ƙiyasta ɗango wajen 10,000. Abin da ya iso hannunmu bai wuce ɗango 650 ba, kuma waƙa ɗaya tak ce ta zo cikakkiya, mai baiti 7. Sauran gutsattsari ne: wani malamin nahawu ya kawo ɗango ɗaya don misali, ko an tono yagaggen takardar fafirus, wato takardar mutanen da, daga tsohon jujin garin Bahnasa na Masar, inda wasu malaman Ingila biyu suka fara haƙa wajen 1897. Ko a 2004 an sake samun wata waƙarta kan tsufa, kusan cikakkiya.

Shi kuwa Konstantin Kafafi a Iskandariya aka haife shi ranar 29 ga Afrilu 1863, a nan ya rasu ranar 29 ga Afrilu 1933. Shekara 30 yana aikin akawu a ofishin kula da ban-ruwa, daga 1892 zuwa 1922. Bai taɓa kai littafi kasuwa ba. Takardu yake bugawa ya raba wa waɗanda ya ga dama, sai a 1935, bayan rasuwarsa, aka haɗa waƙoƙi 154 da ya amince da su cikin kundi guda. Mutum ne mai gyara waƙa shekara da shekaru kafin ya sake ta. Wannan halin nasa shi ne farkon abin da mai kiɗa zai ci karo da shi, domin waƙar Kafafi ɗaki ne da aka gama shirya shi, an ajiye kowace kujera a gurbinta. Waƙar Safo kuwa kango ne: ga gini mai kyau a tsaye, amma babu rufi, iska na shiga ta ko'ina.

To kiɗan lantarki irin na ɗaki yana son kango. Yadda ake gina shi ke nan: ka ɗauko ɗan guntun sauti na daƙiƙa huɗu ko takwas, ka sa ya yi ta zagayawa, ka riƙa ƙara masa wani abu ko ka zare wani abu, murya ta shigo ta faɗi kalma biyar ta ɓace cikin amsa-kuwwa. Irin wannan kiɗa ba ya buƙatar dogon zance. Akwai wani guntun Safo mai ɗango biyu kacal, tana magana da tauraruwar yamma, wadda mu muke ce wa Zara matar wata, cewa ita ke mayar da duk abin da asuba ta watsa, ta dawo da tunkiya, ta dawo da akuya, ta dawo da yaro wurin uwarsa. Da ƙanina ya rera wannan a kan wani sanyayyen kiɗa mai bugu 84 a minti, ya maimaita shi sau shida yana rage kalmomi har ya saura "yaro wurin uwarsa" kawai, minti huɗu suka cika ba a ji an ja rai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gari da magariba ya ga dabbobi na dawowa daga kiwo ba ya buƙatar a yi masa bayanin Girka kafin waƙar ta shige shi. Haka wani guntun da ake jingina mata, inda wata ya faɗi, kaza da 'ya'yanta ma sun faɗi, dare ya raba, mai maganar na kwance ita kaɗai. Ɗango huɗu ne. Haka guntun tuffa mai zaƙi da ta nuna a can ƙololuwar reshe, masu tsinka ba mantawa suka yi da ita ba, hannunsu ne bai kai ba.

Inda takarda ta yage kuma, kana da 'yancin barin shiru, ko ka sa sintesaiza, na'urar ƙirƙirar sauti, ta cike gurbin kalmar da ta ɓace. Babu wanda zai ce ka yanke wa mawaƙiya magana, tun da zamani ya riga ka yankewa.

Kafafi bai yarda da wannan ba. Ɗauki waƙarsa ta Itaka (sunan tsibirin da matafiyin ke komawa), ta 1911, wadda ta haura ɗango 30, tana ba matafiyi shawarar kada ya yi gaggawar isa gida. Jimlolinta dogaye ne, wata na rataye da wata, kuma ma'anar duka tana can a ɗangwayen ƙarshe. In ka ciro ɗango biyu ka mayar da su amshi, ka sami irin kalaman da ake rubutawa a bayan mota. In ka ce za ka rera ta duka, muryarka za ta yi ta gudu tana neman wurin numfashi, kiɗan kuma ya koma ɗan rakiya. Mun gwada. Ƙanina ya rera rabinta ya tsaya ya ce, "Yaya, wannan ai karatu nake yi da waƙa, kamar mai tilawar jarida." Gaskiyarsa. Kafafi da gangan yake rubutu kusa da maganar baka, cikin sanyin murya da zolaya a ɓoye, yana gauraya Girkancin boko da na kasuwa. Rerawa na kashe wannan zolaya, faɗa da murya kuwa na raya ta.

Don haka in niyyarka ka yi magana a kan kiɗa, ba rerawa ba, ma'aunin ya juya gaba ɗaya. Akwai waƙarsa ta jiran baibayi, wadda aka buga a 1904. Abin sha'awa, kalmar da Girkawa ke kiran baƙin da ba sa jin harshensu da ita ta yi daidai da baubawa a wurinmu. Jama'a sun taru a dandali, 'yan majalisa sun daina yin doka, sarki ya fito tun da sassafe ya zauna a ƙofar gari da kambinsa, manya sun sha ado, duk don yau baibayi za su iso. Dare ya yi ba su zo ba, masu dawowa daga kan iyaka suka ce ai babu sauran baibayi, sai kowa ya rasa yadda zai yi, don da ma su ne mafitar da aka dogara da ita. Tambaya da amsa ce daga farko har kusan ƙarshe, amsar kuma kusan iri ɗaya take dawowa. Wannan jagora da 'yan amshi ne tsaf. Murya ɗaya tsirara ta yi tambaya, murya ta biyu da aka murɗa da na'ura ta ba da amsa, ganga na ƙara nauyi a kowane zagaye, sannan a ɗauke kiɗan kwata-kwata a ɗango biyun ƙarshe. A cikin duk abin da muka gwada, wannan ne ya fi tayar mini da tsigar jiki. Babu abu makamancinsa a wurin Safo. Ita ba ta ba ka labari mai farko da ƙarshe, ba ta ba ka siyasa irin wannan.

Waɗanda suka riga mu ma hanyoyin nan biyu suka bi. A 2004 aka fitar da kiɗan da makaɗin Girka Vangelis ya yi wa Itaka, amma ɗan fim Sean Connery karanta ta ya yi, bai rera ba. Mawaƙin Kanada Leonard Cohen da ya so rera waƙar Kafafi kan Antoniyo, sarkin yaƙin Rumawa, da faɗuwar Iskandariya, a kundinsa na 2001 mai cike da kiɗan na'ura, sai da ya sake rubuta ta, ya sa mata ƙafiya da amshi, ya mayar da birnin da ake rabuwa da shi mace. Waƙa ce mai kyau, amma ta zama tasa. Lena Platonos, wadda ta buɗe wa Girka hanyar kiɗan lantarki a shekarun 1980, ta ɗora wa waƙoƙin Kafafi 13 kiɗa a 2010, sai dai da Girkancin asali ta yi aiki, inda karin mawaƙin ke nan bai zube ba. Ita Safo kuwa, a 1991 Angélique Ionatos da Nena Venetsanou sun rera ta, har da fassarar da mawaƙin Girka Odisiyas Elitis ya yi mata zuwa Girkancin zamani, kuma rerawar ta zauna daram don tun asali abin rerawa ce.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina, wanda Bature mai irin wannan aiki ba shi da shi. Tsohon Girkanci da nauyin gaɓa yake auna waƙa, wato gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ba da ƙarfin furuci ba. Ingilishi ba ya aiki haka, shi ya sa masu fassara Safo zuwa Ingilishi ko dai su watsar da karinta ko su ƙirƙiro wani abu mai kama da shi. Hausa kuwa haka take aiki tun fil azal. Duk wanda ya yi arulin rubutacciyar waƙa ya san gaɓa mai dogon wasali ko mai rufe da baƙi tana da nauyi, mai gajeren wasali ba ta da shi, kuma a kan wannan ne malamanmu suka ɗora bahar irin su Kamil da Mutadarik. Baitin da ya shahara da sunan Safo ɗango huɗu ne: uku masu gaɓa 11, na huɗu mai gaɓa 5. Na zauna na gwada ko Hausa za ta shiga wannan riga, ga abin da ya fito, nawa ne ba fassara ba:

Ga wata ya faɗi, dare yana nan

Ƙirga: ga, wa, ta, ya, fa, ɗi, da, re, ya, na, nan. Goma sha ɗaya. Nauyi, sauƙi, nauyi, nauyi, nauyi, sauƙi, sauƙi, nauyi, sauƙi, nauyi, nauyi. Shi ne tsarin Safo ba ragi ba ƙari. Gajeren ɗangon rufewa kuma, mai tsarin nauyi, sauƙi, sauƙi, nauyi, nauyi:

Ba ni da kowa

Ban tilasta wa ko kalma ɗaya ba, magana ce da kowa ke yi. Ranar da na karanta wa ƙanina wannan, ya yi shiru, sannan ya jawo laftof.

Nan kuma muka ci karo da lissafi. In ka ba gaɓa mai nauyi bugu biyu, marar nauyi bugu ɗaya, dogon ɗangon zai ba ka bugu 18. Allon ganga na manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio kuwa da gida 16 yake buɗewa, kuma yawancin kiɗan rawa a kan huɗu-huɗu yake tafiya. Sha takwas ba ta shiga sha shida, kullum ɗangon na zubowa da bugu biyu. Mafita biyu muka samu. Ko ka koma tsarin shida-shida, inda 18 ta zama zagaye uku cif, kuma wannan tsarin kunnen Bahaushe ya saba da shi a kiɗan kalangu da na fiyanon fina-finai. Ko ka bar gangar a huɗu-huɗu ka ƙyale muryar ta riƙa zamewa a kanta, kowane ɗango ya faɗo a wani gurbi daban, abin da ke ba waƙar wani irin layi kamar kwalekwale a ruwa. Ni na biyun na fi so, shi na farkon. Gajeren ɗangon kuwa bugu 8 ne, yana zama cikin huɗu-huɗu kamar don shi aka yi shi, shi ya sa yake zama amshi da kansa.

Kafafi ba ya ba ka wannan kyauta. Girkancin zamani ya bar nauyin gaɓa ya koma ƙarfin furuci, kuma ko a can ɗin ma Kafafi sako-sako yake riƙe karinsa, ɗango wani gajere wani dogo. Babu wani tsari da Hausa za ta gada daga gare shi. Ko dai ka fassara shi a zube, ko ka ɗinka masa bahar da ƙafiya na kanka, ka san kuma cewa ka canza masa murya.

Akwai batun karin sauti, wanda ke cizon mai rerawa fiye da mai faɗa. Kuka na hawaye da kuka ta miya a rubuce ɗaya suke, hawa da saukar murya ne ke raba su. In launin waƙar da ka tsara, wato hawa da saukar rerawa, ya sauka inda kalma ke son hawa, ka kuma danne muryar da Auto-Tune, manhajar daidaita murya, sai mai saurare ya ji wata kalma daban. Tsohon Girkanci ma yana da hawa da saukar murya, kuma 'yan waƙoƙin da aka samu da alamun kiɗansu a garin Delfi na Girka, na ƙarni na 2 kafin miladiyya, sun nuna makaɗan na bin wannan hawa da sauka. Na Safo dai ko launi ɗaya bai tsira ba. Abin nufi, in Safo ka ɗauka, fara faɗin ɗangon da baki sau goma, ka ciro launin daga cikin maganar, kada ka tsara launi a fiyano sannan ka zo cusa kalmomi. Mai karanta Kafafi a kan kiɗa ya huta da wannan wahala gaba ɗaya.

Sai maganar abin da ke cikin waƙoƙin, wadda gara ka san ta tun yanzu da ka ji ta a bakin masu sharhi. Cikakkiyar waƙar Safo guda ɗayan nan addu'a ce ga Afrodita, abar bautar Girkawa ta soyayya, kuma da yawa daga waƙoƙin begenta mata take yi wa. Kafafi shi ma kaso mai yawa na waƙoƙinsa begen maza ne, bai ɓoye ba. Kowannensu yana da wasu gonakin: ita tana da waƙoƙin aure, da na 'yarta, da na 'yan'uwanta maza, da ta tsufa inda take cewa gashi ya yi fari gwiwoyi sun daina ɗauka; shi yana da na tarihi, da ta kyandirori inda kwanakin da suka wuce suka zama jerin kyandir da aka kashe, da ta birnin da ke bin mutum duk inda ya gudu. Ka zaɓi wadda za ka iya tsayawa a kanta a gaban jama'arka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ɗauki waƙa ka juya mata ma'ana a ɓoye sannan ka rubuta sunan mawaƙin a ƙasa. In ka canza, ka rubuta cewa daga waƙar wane ka samo tunani.

Haƙƙin mallaka shi ne inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Safo ta kowa ce. Girkancin Kafafi ma ya zama na kowa tun farkon 2004 a ƙasashen da ke ƙirga shekara 70 bayan rasuwar marubuci, kuma Najeriya na cikinsu. Amma fassara dukiyar mai fassara ce. Fassarar Safo ta Mary Barnard ta 1958 da ta Anne Carson ta 2002, waɗanda aka fi yaɗawa a intanet, duk suna da masu su. Haka fassarar Kafafi ta Edmund Keeley da Philip Sherrard ta 1975, da ta Daniel Mendelsohn ta 2009, da na Larabci da aka yi a Masar. In ka juya ɗayansu zuwa Hausa ɗango bi ɗango ka ɗora a Spotify, a kan aikin wani ka yi gini, kuma izini ya hau kanka. A nan Safo ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin akwai littafin Henry Wharton na 1885 mai ɗauke da Girkancin da fassarar zube kalma bi kalma, kuma ya daɗe da fita daga kariya, sai dai babu gutsattsarin da aka tono bayansa a ciki. Ka yi hattara da bugun J. M. Edmonds na 1922: mutumin ya riƙa cike guraben da suka yage da Girkancin da ya ƙirƙira da kansa, kana iya rera Edmonds kana zaton Safo ce. Shi Kafafi, hanya mai tsabta ita ce ka sami mai jin Girkancin zamani ya warware maka asalin kalma bi kalma, kai kuma ka gina Hausarka a kai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuwa ranka ya karkata ga mawaƙan Girka Seferis ko Elitis, masu kyautar Nobel ta 1963 da 1979, ka sani ko asalin nasu bai fita daga kariya ba, don ɗaya a 1971 ya rasu, ɗaya a 1996.

To wanne? In muryarka ta rerawa ce, kiɗanka mai sanyi ne mai yawan maimaici, kuma wannan ne aikinka na farko, ɗauki Safo ba tare da dogon tunani ba. Gutsattsari biyar sun ishe ka kundi, Hausa za ta ba ka karinta a hannu, kuma babu wanda za ka rubuta wa wasiƙar neman izini. Haɗarinta ɗaya ne, kuma babba ne: sauƙin da take da shi na sa mutum lalaci, ya zuba amsa-kuwwa a kan ɗango biyu ya ce ya gama, waƙa biyar su fito kamar waƙa ɗaya. In kuwa muryarka ta magana ce, mai kauri, kana son mai saurare ya bi zance har ƙarshe, kuma za ka iya danne son nuna gwanintar kiɗa, Kafafi zai ba ka abin da ya fi nauyi, da sharaɗin za ka kashe wata biyu a kan fassara kafin ka taɓa madanni ɗaya.

Ƙanina ya ɗauki gutsattsarin Safo huɗu. Ta biyar ya ce waƙar baibayi zai sa a ƙarshe, kuma ni zan karanta tambayoyin, wai muryata ta fi kama da ta mai sanarwa a rediyo. Har yanzu muna neman wanda zai warware mana Girkancinta, don haka waƙa huɗu sun kammala, ta biyar ganga ce kawai ke zagayawa a laftof.